Renon Tsiro a Cikin Kwalba: Yadda Ake Yawaita Tsiron Fan na Ƙawa

Gabatarwa

Fan wani jinsin tsiro ne da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ganyensa kuma tsattsage yake kamar gashin tsuntsu. Ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa ba saboda yana son inuwa da danshi, amma duk wanda ya ratsa kurmin kudancin Nijeriya ya ga irinsa maƙale a jikin bishiyar kwakwar manja. A Turai da Amurka kuwa haja ce ta kasuwa, ana rataye shi a tukwane don ƙawata gidaje da ofisoshi. Wannan darasi zai duba yadda masana ke samar da dubban wannan tsiro daga ɗan guntu ɗaya, da kuma haɗarin da ke tattare da yin hakan.

Matsalar Iri

A daji, fan yana yaɗuwa ne ta hanyar wata ƙura mai laushi da ke taruwa a bayan ganyensa. Idan ƙurar ta faɗa wuri mai laima, sai ta fara fitar da wani ɗan tsiro shimfiɗaɗɗe wanda bai kai faɗin farce ba. A jikinsa ne ƙwayar namiji ke iyo cikin ɗigon ruwa ta iske ta mace, sa'annan ainihin fan ɗin ya fito. Hanya ce mai cin watanni.

Fan ɗin Bostan, wanda ya fi kowanne farin jini a kasuwa, tasa matsalar ta fi haka. An tsince shi ne a shekarar 1894 cikin wasu tsirran Nephrolepis exaltata da aka aika daga Filadalfiya zuwa yankin Bostan a Amurka. Ganyensa mai lanƙwasa ya burge masu saye, sai dai galibi ba ya fitar da ƙurar da za ta tsira. Dole manoma suka dogara ga yaɗon da yake miƙawa kamar zare, wanda ke kafa saiwa inda ya taɓa ƙasa. Garin Afofka na jihar Fulorida ya shahara da wannan noma har aka yi masa laƙabi da birnin fan. Amma hanyar na bukatar fili mai yawa na ajiye iyayen tsirrai, kuma duk cutar da uwa ke ɗauke da ita sai ta bi ɗanta.

Tushen Ilmin

A shekarar 1902 masani Gottlieb Haberlandt ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar halittar tsiro guda ɗaya tana ɗauke da duk abin da ake bukata don gina cikakken tsiro. A 1957 Folke Skoog da Carlos Miller suka nuna cewa sinadaran girma guda biyu ne ke jan akalar al'amarin: idan saitokainin ya rinjaya sai toho ya fito, idan oksin ya rinjaya sai saiwa. A 1962 kuma Toshio Murashige da Skoog suka tsara haɗin abincin da har yau ake kira da haruffan sunayensu, wato MS. Fan ɗin Bostan na cikin tsirran ƙawa na farko da aka riƙa yawaitawa ta wannan hanya don kasuwa, a shekarun 1970.

Matakan Aikin

Mataki na farko shi ne tsarkakewa. Ana yanko kan yaɗon, inda ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa da sauri, a jiƙa shi na kimanin minti 10 zuwa 15 a ruwan bilic da aka tsarma, sa'annan a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cutarsa. Shi kuwa abincin ya ƙunshi gishirin ma'adinai, da bitamin, da sukari kimanin giram 30 a kowace lita, da aga, wato wani sinadari daga ciyawar teku da ke daskarar da haɗin. Yawancin fan sun fi son a rage ƙarfin gishirin zuwa rabi. Ana turara kwalaben a tukunyar matsi kan zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20.

Mataki na biyu shi ne yawaitawa. Da taimakon saitokainin, ɗan guntun yakan fitar da toho da yawa, ko kuma wasu 'yan dunƙule-dunƙule kore waɗanda kowannensu ke cike da idon toho. Ana ajiye kwalaben a ɗaki mai zafin digiri 25, da hasken fitila na awa 16 a kowace rana. Duk mako 4 zuwa 6 sai a rarraba dunƙulen a sababbin kwalabe. Bari mu yi lissafi na misali: idan guntu ɗaya na zama 5 a kowane mako 6, to zagaye 8 cikin mako 48 zai ba da 390,625.

Mataki na uku, a janye saitokainin don ganye ya buɗe, saiwa ta fito. Na huɗu kuma shi ne sabawa da waje, kuma nan ne ake yawan yin asara. Ganyen da ya tashi a kwalba ba shi da isasshen kakin da ke hana ruwa tsiyayewa, ƙofofin numfashinsa kuma ba su saba rufewa ba. Saboda haka ake dasa shi a ƙarƙashin leda ko feshin raɓa, a riƙa rage danshin sannu a hankali har tsawon makonni.

Inda Haɗarin Yake

Lissafin da ke yawaita tsiro shi ne kuma ke yawaita aibi. Abincin da ke da sukari ya fi yi wa bakteriya da funfuna daɗi fiye da tsiron kansa, kuma sun fi shi saurin girma. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari: guntu ɗaya mai ɓoyayyar cuta, idan aka rarraba shi, zai gurɓata ɗaruruwan kwalabe kafin a farga.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓuya. Idan aka cika sinadarin girma, ko aka daɗe ana rarraba zuriya ɗaya, wasu tsirran sukan sauya kama, su fito da gajeren ganye ko murɗaɗɗe. Sau da yawa ba a ganin sauyin sai tsiro ya girma a hannun manomi, bayan an kashe kuɗi. Fan ɗin Bostan, wanda shi kansa sauyin kama ne ya haife shi, yana da saurin yin haka. Shi ya sa ɗakunan bincike na ƙwarai ke taƙaita yawan zagaye, su koma ga uwar tsiro su ɗauko sabon guntu.

Kammalawa

Ɗalibin da ya fahimci waɗannan matakai ya riƙi mabuɗin da ya wuce tsiron ƙawa. Da irin wannan dabara ce Cibiyar IITA da ke Ibadan ke adanawa da yawaita irin doya da rogo da ayaba marasa cuta. Tsiron ne kawai ke bambanta, sharuɗɗan kuwa ɗaya ne: tsabta, da auna sinadari daidai, da sanin lokacin da ya kamata a tsaya.