Kafin Ki Ari Dutsen Guga ko Injin Markaɗe

A gidan haya, aron kayan lantarki ya zama ruwan dare, kuma sau da yawa daga nan saɓanin maƙwabta ke farawa. Idan za ki ara, je da kanki ki yi sallama, kada ki aiki ƙaramin yaro. Faɗi lokacin da za ki mayar, kuma ki cika alkawari.

Kada ki jona dutsen guga a ƙaramin janareto. Yakan ja wat 1000 ko fiye, abin da ƙaramin inji ba ya iya ɗauka. Injin markaɗe kuma yana son hutu: zuba waken ƙosai kaɗan-kaɗan da ruwa, ki tsaya da zarar kin ji ya ɗau zafi. Idan aka ɗauke wuta, zare filogi, domin wani lokaci takan dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya.

Mayar da injin markaɗe a wanke, a bushe. In abin da kika ara ya lalace a hannunki, faɗa wa mai shi gaskiya, ki biya kuɗin gyara. Idan kuma aron ya zama na kullum, shiga adashi ki sayi naki, don kayan aro ba ya rufe katara.