Haƙƙin Yaro A Kan Mai Gidan Abinci

In lokacin tumatir ya zo a Kadawa, kasuwar Kwanar Gafan takan cika da fatake. Yara ƙanana ne ke wanke kwanoni da kai wa baƙi abinci har dare.

Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, ya hana a ɗora wa yaro neman kuɗi, domin in bai samu ba sai ya yi sata. Saboda haka wajibi ne mai gidan abinci ya sallami yaro lokacin makaranta, kada kuma ya aiki yarinya masaukin baƙo ita kaɗai. Jihar Kano ta kafa dokar kare yara a 2023, amma hisabin Lahira ya fi tsanani. Allah Ya kiyaye, amin.