Me Ya Sa 5G Ke Ɓacewa a Cikin Lungu?

Wannan tambaya daga wani mai sauraronmu ce a unguwar Kurna, Kano. Ya ce a bakin titi wayarsa tana nuna 5G, amma da zarar ya shige lungunsu sai ta koma 4G. Mene ne dalili?

To Malam, mun gode. A Disambar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon 3.5GHz na 5G, kamfanonin MTN da Mafab suka saya, kowanne kan dala miliyan 273.6. MTN ya fara aiki da shi a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023.

Shi wannan zango akwai gudu, sai dai ba ya cin dogon zango, katanga mai kauri ma tana rage masa ƙarfi. Sai an yawaita na'urori a kan turakun sadarwa, an kuma ja musu wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, wadda masu haƙar kwata ko gyaran titi kan datse. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne, inda ciniki ya fi yake fara kafawa.

Kafin 5G ya iso lungunku, gwada tsayawa bakin taga. Amma fa sa ido kan datarka, bidiyo zai riƙa zuƙe ta da sauri.