Ƙwayoyin Hanji da Ciwon Fuka da Borin Jini

A cikin hanjin kowane mutum, mai lafiya ko marar lafiya, akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu ya wuce lissafi, amma galibinsu ba na cuta ba ne. Abincinsu shi ne abin da ciki ya kāsa narkarwa, watau dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. In sun ci, sai su fid da waɗansu ruwaye masu tsami. Likitoci suna kiran ɗayansu butiret. Danginsa ne ke sa tsohon man shanu wari.

Jiki yana da dakarun da ke yaƙi da cuta. Wani lokaci sukan yi kuskure, su far wa abin da ba shi da laifi, kamar ƙura ko garin fure ko ƙwai. Daga nan fuka da atishawa da borin jini ke tasowa. Amma cikin dakarun akwai masu tsawatarwa, kamar yadda dogarai ke kwantar da hayaniya a kasuwa. A shekarar 2013 masana a Japan suka gwada da ɓeraye, suka ga butiret yana ƙara yawan waɗannan masu tsawatarwa a hanji. A 2014 kuma, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, aka ciyar da ɓeraye abinci mai yawan zare, sai huhunsu bai kumbura sosai ba da aka shaƙa musu ƙurar ɗaki. Abin mamaki a nan shi ne, abin da aka sarrafa a hanji ya bi jini har amfaninsa ya kai ƙirji.

Ga mutane kuwa, a 2015 an duba jarirai 319 a Kanada. Waɗanda suka nuna alamun fuka daga baya, an tarar tun suna wata 3 iri huɗu na ƙwayoyin nan sun yi ƙaranci a hanjinsu.

Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su riƙa faɗakar da jama'a kada a surfe gero da dawa ƙwarai, gama a dusar abincin ƙwayoyin yake. Kada kuma a saya wa jariri maganin kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ba da umurnin likita ba, don yana kashe masu amfanin tare da mugayen. Wanda fuka ta riga ta kama, dusa ba za ta warkar da shi ba. Tilas a kai shi asibiti.