Jinginar Gida a Banki: Lokacin da Ya Kamata a Nemi Lauya

Lauyoyin da ke aiki a kan shari'o'in bashin banki a Najeriya sun saba ganin mai gida ya zo neman taimako bayan an riga an buga gwanjon gidansa, alhali kuwa mafi yawan abin da doka ta tanadar masa yana amfani ne kafin wannan rana, wato tun daga lokacin da banki ya aiko da takardar neman biyan bashi. Da zarar gida ya shiga hannun mai saye wanda ya saya da zuciya ɗaya, da wuya kotu ta soke cinikin sai an tabbatar da zamba ko haɗin baki, kuma abin da yakan rage wa mai gida shi ne neman diyya daga bankin.

Abu na farko da lauya zai duba shi ne irin jinginar da aka ƙulla. Akwai cikakkiyar jingina, wadda aka rubuta da yarjejeniya mai hatimi, kuma ita ce ke bai wa banki ikon sayarwa ba tare da zuwa kotu ba. Akwai kuma wadda aka yi ta hanyar ajiye takardar shaidar mallakar fili kawai, wadda a bisa ƙa'ida banki ba ya iya sayar da gida a kanta sai da umarnin kotu. A jihohin Arewa da dama har yanzu ana aiki da dokar Ingila ta 1881 kan musayar kadarori, wadda ta ce ba a aiwatar da ikon sayarwa sai an ba da sanarwa an jira wata uku, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an saɓa wani sharaɗin yarjejeniya. Sai dai bankuna sukan sa sharaɗin da ya rage wannan wa'adi, wanda hakan ya sa karanta takardar da aka sa wa hannu ya fi dogaro da abin da jami'in banki ya faɗa da baki.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a jinginar da filin birni, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Wasu masu bashi sun ɗauki wannan a matsayin mafita, amma hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun taƙaita ta, domin neman amincewar nauyi ne a kan mai gida, kuma kotu ba ta son mutum ya ci ribar sakacinsa. Hujjar da ta fi ƙarfi sau da yawa tana cikin lissafi ne, domin idan akanta ya bi bayanan asusu ya gano an ɗora kuɗin ruwa ko caji fiye da ƙa'ida, ana iya kai koke sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, bayan an fara kai shi ga bankin da kansa a rubuce.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko da yake ƙarfinta ya fi karkata ga shari'o'in laifuka da masu ƙaramin ƙarfi ƙwarai. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya suna da masu aikin sa-kai, tsangayoyin shari'a na wasu jami'o'i suna ba da shawara kyauta, sannan cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotunan Kano da Abuja sukan zaunar da ɓangarorin biyu a sake tsara biyan bashi, ko a bar mai gida ya nemo mai saye da kansa, wanda galibi yakan biya fiye da farashin gwanjo. Idan ma an sayar, rarar da ta saura bayan cire bashi da kuɗin hidima haƙƙin mai gida ce, kuma yana da ikon neman cikakken lissafinta a rubuce.