Kafin Ku Juya Bayan Mota Ga Ruwa

'Ya'yana, ku da kuka fara jan jirgin ruwa da a-kori-kura zuwa Yawuri ko Tiga, ku matso ku ji. Ina jin wasunku na cewa motar da tayoyin baya kaɗai ke ja ba za ta iya wannan aiki ba, sai mai ja da huɗu. Ba haka ba ne. A kan kwalta babu abin da zai gagare ta, muddin lodin bai wuce abin da littafin motar ya ce ba. Inda ake shan kunya shi ne gangaren bakin ruwa, musamman lokacin fitowa.

Ku dubi yadda aka ƙera motar. Inji yana gaba, ku ma kuna gaba, bodi kuwa fayau. Ke nan tayoyin da aka ɗora wa aikin ja su ne ba su da abin da ke danne su. Ga gansakuka a ƙasa, ga jiƙaƙƙen jirgi yana janyo ku baya. Sannan akwai wani hali na aksul ɗin yawancin waɗannan motoci: da zarar taya ɗaya ta samu santsi, ita za ta yi ta wulwulawa, 'yar uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cak. A nan ne yaro yake ƙara taka totur, yana zaton ƙarfi ne ya gaza. Taya ta haƙa wa kanta rami, ƙaurin kuloci ya tashi, yaran gari su taru kallo. Ƙarfin inji bai gaza ba, riƙon ƙasa ne babu.

Maganin ba shi da tsada. Buhu uku na yashi, kowane mai kilo 50, a jera su daidai saman tayoyin baya, a ɗaure kada su zame. Jirgin ma ku lura da zamansa a kan tirela. Injinsa a can ƙarshe yake, kuma Yamaha mai doki 40 ya kai kilo 70. Idan jirgi ya ja baya da yawa, sai ya riƙa ɗaga gindin motar. Ana son kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin duka ya sauka a kan mahaɗin tirela da mota. Wannan shi ke danne taya a gangare, shi ne kuma ke hana tirela kaɗa wutsiya a kan titi.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: ku sauka ku taka gaɓar da ƙafarku. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan tafkin yake hawa da sauka kowace shekara. Inda ruwa ya janye, saman ƙasa yakan bushe ya tsattsage har mutum ya rantse daɓe ne, alhali ƙarƙashi taɓo ne zalla. Ku ɗauki sanda ku caka. In ta shige da sauƙi, motarku ma haka za ta shige. Ku gai da Sarkawan da ke wurin, ku tambaye su inda ƙasa ke da tsakuwa. Sun san gaɓar nan tun kakanni, kuma ba sa rowar bayani ga wanda ya yi musu sallama. Da yawa daga cikin samari girman kai ne kawai ke hana su wannan 'yar tambaya.

In kun zo sauke jirgi, tirela ce za ta shiga ruwa, tayoyin motar su tsaya a tudu. Idan tirelar ba ta kai zurfi ba, ku sa waigi, ku kwance ta, ku zura ta da igiya mai ƙarfi, motar tana can sama a kan busasshiyar ƙasa. Haka za ku janyo ta in za ku fito. Kada wanda ya tsaya tsakanin mota da tirela, ko kusa da igiyar da ke ɗaure tamau.

Kafin fitowa, ku kwashe ruwan da ke cikin jirgi, don kowace lita kilo guda ce. Koma da jarkokin mai a mayar da su bodi, su zama nauyin da ke taimakonku. Giya ta ɗaya, a saki kuloci sannu a hankali. Kuka ji taya ta fara wulwulawa, ku ɗaga ƙafa nan take, a sa waigi, a zuba yashi ko tsakuwa a gabanta. Wani lokaci ɗan jan burkin hannu kaɗan yakan sa ɗaya tayar ta kama. A cikin rairayi kuwa, rage iskar taya yana taimakawa, amma ku mayar da ita kafin ku hau kwalta.

Sauran na hanya ne, kun san shi. Tirelar da ba ta da burkin kanta kada ta wuce kilo 750 a bayan Hilux, kuma tsayawa za ta ɗauke ku nisa fiye da yadda kuka saba. Sai batun boris na tayoyin tirela: in kun iso daga doguwar tafiya, ku bar shi ya huce kafin ku tsoma tirela, domin mai zafi in ya ji sanyi yakan zuƙi ruwa ciki ya ɓata giris. Ku sha shayi, ku yi sallah, sannan ku taɓa shi da bayan hannu ku ji.