Hunturu Ya Tara Mu a Ɗaki

Tambaya: Anti, tun da sanyi ya shigo yarana uku suka maƙale a ɗaki, ba abin da suke yi sai faɗa da kallon waya. Yaya zan yi da su? — Wata uwa daga Katsina

Amsa: 'Yar'uwa, ki ba hannuwansu aiki. Ki samo kaba, babbar ta koyi saƙar faifai. In akwai tsohuwa a unguwa da ta iya, gara ita, don ta fi ki haƙurin koyarwa. Sauran biyun su taya ki jera yankakken tumatir da kuɓewa a tabarma don su bushe. Yanzu tumatirin noman rani yake araha, iskar kuma busasshiya ce. Ki lulluɓe da yadi marar nauyi saboda ƙura. Kauɗar nan za ta yi miki rana da damina.

Da safe kunun tsamiya da ƙosai. Da yamma a binne dankali cikin toka mai zafi, a zagaye murhu ana tatsuniya har ya nuna.

Sai dai kasko. Kada ku kwana da garwashi a ɗaki rufe, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Ki fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta, ki shafa wa yaran man kaɗe a dugadugai saboda faso.